Ɗaurin Mastura

Shekara biyu Mastura ta yi tana aiki a gidan Baturiyar nan ta unguwar Ammariyya a Jidda, amma ba ta taɓa sa ƙafa a ɗakin ƙasa ba. Tana share bene, tana wanki, tana girki, sai dai ƙofar nan mai shuɗin fenti ko kallonta ba ta son yi. A nan Baturiyar ke aikinta, aikinta kuwa sassaƙa da zane.

Sunanta Winifred Harcastle. Bakin Mastura bai ga dalilin shan wannan wahala ba, ya datse shi ya koma Sitt Wini, unguwa duka ta bi sahu. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, kanta fari fat, yatsunta duk sun kanannaɗe saboda ciwon gaɓɓai. Tana jin Larabcin Sudan, don ta yi shekara tara tana koyar da zane a Khartum. Abin da ya fara haɗa jininsu ke nan, domin ita ma Mastura a Maiurno ta ƙasar Sudan aka haife ta, lokacin da iyayenta suka yada zango kan hanyarsu ta zuwa Makka daga ƙasar Kazaure.

Da la'asar sukan zauna shan shayi, Sitt Wini ta yi ta zuba labari. Ubanta duwatsun kabari yake sassaƙawa a wani ƙauye na arewacin Ingila, tana 'yar shekara goma ya damƙa mata guduma da kurfi. Ta yi karatu a Landan. Lokacin yaƙin duniya aka sa ta a asibiti tana zana fuskokin sojojin da wuta ta ci, don likitoci su san yadda za su gyara su. Bayan yaƙi ta yi suna wajen sassaƙa kawunan manyan mutane, har layi ake bi. Daga nan mijinta ya rasu, yaran zamani suka taso da nasu salon, aka daina neman kawuna, aka daina nemanta. Ta tafi Khartum, daga can ta gangaro Jidda tana zana tsofaffin gidajen unguwar Balad da tagoginsu na katako kafin a rushe su. Tana cikin haka wani attajiri ya roƙe ta ta yi masa wani abu da za a zuba da tagulla a kafa a hanyar tashar jirgin ruwa.

“Wannan ne na ƙarshe, Mastura,” in ji ta, tana ɗaga yatsunta. “Waɗannan sun ce sun gaji.”

Wata rana ta ɗauko hotunan aikinta na da. Mastura ta duba, ta ce masha Allahu a baki, a zuci kuwa a'uziyya take ta ja. Kawuna ne ba gangar jiki, idanu ba ƙwaya, an jera su kan katako. Daga baya kuma, ranar da ƙofar shuɗin ta zauna a buɗe, ta hango wani ƙaton abu a tsakar ɗakin, ya kai mata ƙirji, kewayayye, an naɗe shi da jiƙaƙƙun tsummoki. Sitt Wini na zagaya shi tana yayyafa masa ruwa, tana yi masa 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Safe haka, yamma haka. Mastura ba ta nemi ƙarin bayani ba, ta yanke hukunci: ƙaton kai ne, kuma shayar da shi ake yi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? In magana ta kai unguwarsu ta Mahjar cewa a gidan gunki take aiki, ta san abin da Innarta za ta ce. Inna Dela ba ta da sauƙi. Idonta ya yi rauni amma harshenta bai yi ba. Mastura ce 'yarta ta fari, saboda haka a shekara arba'in da shida ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Daga “ke” sai “'yar nan”, yabo kuwa ba a ma maganarsa.

A watan Yuni na 1977 likita ya ce lallai Sitt Wini ta je Landan a yi mata aiki a ido. Kwana goma sha huɗu za ta yi. Ranar tafiya ta riƙe hannun Mastura, ta sa mata makullin ɗakin ƙasa a tafi.

“Wata takwas na yi a kansa,” in ji ta. “Safe da yamma ki yayyafa wa tsummokin ruwa. Ba sai kin buɗe ba. Shi kaɗai na roƙe ki.”

Mastura ta ce to. Me za ta ce wa tsohuwa mai ciwon ido da jaka a hannu? Da ta buɗe baki ta tambayi amfanin ruwan, da an huta. Amma kunya ta hana ta tambaya, tsoron Allah kuma ya hana ta aikatawa. Mota na tashi ta rataye makullin a ƙusa, ta ce a ranta, wallahi hannun da take alwala da shi ba zai shayar da gunki ba.

Kwana shida makullin na rataye. Zafi kuwa a makon nan kamar an buɗe tanda. Ranar na bakwai da hantsi tana share bakin ƙofar, sai ta ji tim daga ciki, sannan wani ƙaramin tas. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta karanta duk abin da ta haddace, sannan ta yi ta maza ta buɗe.

Tsummokin sun bushe ƙamas. A ƙasa ga gutsattsarin laka a warwatse. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya da bakin mayafinta, tana jiran ta ga hanci ko kunne. Ba hanci ba ne, ba kunne ba ne. Wani abu ne mai faɗi da 'yan ninki, kamar bakin zane. Ta ce bismillah, ta kama tsumman sama ta yaye.

Ƙullin kaya ne. Ƙaton ƙullin kaya na laka, irin wanda matan mahajjata ke ɗorawa a ka, zaune daram kan gammonsa. Ga inda tukunya ta turo zane daga ciki, ga bakin ƙwarya, ga tabarma a naɗe ta leƙo ta gefe. Babu kai, babu ido, babu wani mai rai a jikinsa.

Mastura ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi wata ajiyar zuciya da ta daɗe ba ta yi irinta ba. Alhamdu lillahi! Ashe duk watannin nan kayan Innarta take gudu. Har dariya ta kama ta, ita kaɗai a ɗaki. Tana cikin dariyar idonta ya sauka kan tsagar, dariyar ta yanke.

Tsaga uku ne, sun taso daga sama sun gangara, babbar cikinsu yatsa zai shiga. Ɗaurin da ke bisa kuwa ya ɓalle gaba ɗaya, shi ne ya tarwatse a ƙasa. Sai a lokacin hankalinta ya dawo. Laka ce! Kullum tana wanke ta a rigunan Sitt Wini. Ɗanyar laka in ba ta sha ruwa ba ai tsagewa take. Aikin wata takwas, aikin ƙarshe na yatsun da suka ce sun gaji, amanar da aka sa mata a tafin hannu, ita ce ta kashe shi da ƙishirwa. Ta ruga ta ciko bokiti za ta kwara masa, sai wani abu ya ce mata ta dakata. Ta riga ta yi ɓarna ɗaya da ra'ayin kanta, ba ta ƙara ta biyu.

Ta aika a kira ƙanenta Abdulghaffar mai tasi, ya je Mahjar ya ɗauko Inna. Dela maginiyar tukwane ce tun a Kazaure, da tukwanen ta ciyar da su shekarun da suka yi a Maiurno. Mastura ta durƙusa ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

“Ke!” in ji Dela. “'Yar maginiya, a ce ki ga ana jiƙa laka ki ce tsafi ne? A gindin tukwane fa kika yi rarrafe. Kai ni in taɓa.”

Ta shafa shi tun daga gammo har sama. Da hannunta ya kai kan bakin ƙwaryar nan sai ta daɗe a wurin. Sannan ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta kara kunne.

“Cikinsa da sauran danshi. Bai mutu ba. Wannan bokitin na mene ne? In kin kwara masa ruwa yanzu sai ya zube miki a ƙafa. Yalla, maza nemo buhuna.”

Bai mutu ba. Wannan kalma ta shiga kunnen Mastura kamar ruwan randa a maƙogwaro. Ta jiƙa buhuna ta matse, ta lulluɓe shi, in sun fara shan iska ta sake wasu. Kwana uku suna haka, Dela na kan tabarma tana ba da umarni da faɗa. Rana ta huɗu lakar ta yi laushi, ƙananan tsagogin har sun fara haɗe baki da kansu. Akwai sauran yumɓu a wata ganga a lungu. Dela ta sa ta dama shi kamar kunu, ta kakkarce bakin tsagar da cokali mai yatsa, ta ɗura, ta cusa mai tauri a kai, ta shafe da bayan cokali. Kafin azahar, ko ita da ta yi aikin sai ta nema take gane wurin.

Saura ɗaurin. Mastura ta tattaro gutsattsarin a faifai tana neman ta haɗa su yadda suke. Dela ta lalluba su ɗaya bayan ɗaya, ta jera manyan, ta taɓe baki.

“Wa ya ɗaura wannan?”

“Sitt Wini ce, Inna.”

“Tukunyarta ta yi, gammonta ya yi. Amma wannan ɗaurin 'yan wasan gidan ƙasa ne. Da shi na ɗaura kayana, da ko Hadeja ban kai ba ya kwance.”

“Inna, aikinta ne. Yadda ta bar shi zan mayar.”

“Da me? Da garin nan? Rabinsa ya zama ƙura. Ko ki bar mata shi ba ɗauri, ko ki ɗaura na gaskiya. Khalas, shi ke nan.”

Ta cire mayafinta ta jefo mata, ta ce ta tara kwanoni ta ƙulle. Mastura ta shimfiɗa, ta haɗa kusurwa biyu ta ja ta murɗa, sauran biyun suka bi ta ƙarƙashi suka hau, ta bar baki ɗaya da tsawo, wanda matafiyi zai fizge da hannu guda in an isa masauki. Hannunta ya yi shi tun kafin ta tuna yadda ake yi, don tana 'yar shekara bakwai aka koya mata a hanyarsu ta zuwa Sawakin, bakin teku. Dela ta ja, ta girgiza, ta ce, “Hm.” A wurinta wannan yabo ne babba.

Mastura ta ajiye ƙullin kwanonin a gabanta, ta hau kujera, ta mulmula yumɓu ta faɗaɗa shi kamar za ta yi waina, ta shiga kwaikwayo. Sau huɗu tana rushewa. Na biyar ya zauna. Da ta sauko ta ja baya ta dube shi, ta ga ya yi kyau, sai kuma tsoro ya rufe ta, domin makaho ma ya san ba shi ne na da ba.

Sauran kwanakin ba ta tsallake yayyafi ko sau ɗaya ba. Har ta kama kanta tana yi masa magana.

Sitt Wini ta dawo ranar Alhamis da rana, ido ɗaya a rufe da auduga. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi ƙofar shuɗin. Mastura ta sha gabanta.

“Ya Sitt, tsaya in gaya miki kafin ki gani. Kwana shida ban ba shi ruwa ba. Ba mantuwa na yi ba, da gangan na ƙi. Na zaci gunki ne. Ya tsage, ɗaurin ya faɗi ya farfashe. Ni da Innata muka gyara. Ɗaurin da ke kai yanzu ba naki ba ne. In kin ce in tafi, ba ki zalunce ni ba.”

Fuskar tsohuwar ta yi fari fiye da gashinta. Ta wuce ta, ta yaye buhunan da kanta, ta zagaya shi a hankali tana bin jikinsa da tafin hannu. A kan babbar tsagar ta tsaya, ta danna, ta wuce. Sannan ta jawo kujera ta hau, Mastura na riƙe mata ƙafar kujerar. Ta kai idonta mai gani dab da ɗaurin. Ta bi shi da yatsa daga inda ya shiga zuwa inda ya fito. Jiran nan ya yi wa Mastura tsawo fiye da kwana goma sha huɗun.

“Ta ƙarƙashi yake bi,” in ji Sitt Wini, kamar da kanta take magana. “Ashe ta ƙarƙashi yake bi!”

Ta sauko ta buɗe wata akwati, ta fito da littafin zanenta, ta shiga buɗe wa Mastura shafi bayan shafi. Ɗauri ne, ɗauri ne, ɗauri ne, sun fi arba'in, kowanne an soke shi da fensir.

“Wata uku ina zuwa tashar jirgi ina kallon matanku suna saukowa,” in ji ta. “Kayan na bisa kansu, ni ga ni 'yar guntuwa, gindinsa kawai nake gani. Kafin in matso sun sauke sun fizge, ya kwance. Na san nawa ƙarya ne. Kullum in na jiƙa shi sai na ce masa, kai dai ba ka yi ba.”

“Maganar da kike yi masa ke nan?”

“Me kika zaci ina ce masa?”

Mastura ta rufe fuska da mayafi. Sitt Wini ta fara dariya, ta dafe idon da aka yi wa aiki tana cewa likita ya hana ta, amma ta kasa dainawa. Ita kuwa Mastura sai ta zauna a ƙasa tana dariya hawaye na zuba. Rabonta da numfashi har ciki tun ranar da ta ji tim ɗin nan.

Da suka natsu Sitt Wini ta ce, “Amma fa kin ba ni tsoro. Da ya rushe, ba ni da hannun yin wani. Gobe in abu ya dame ki, ki tambaye ni.”

“Na ɗauka, ya Sitt. To ga tambaya. Me ya sa babu mai ɗauke da shi?”

“An ce mini a garin nan ba a kafa siffar mutum. Shekara arba'in kawuna nake yi, na rasa yadda zan yi. Sai na ga wata tsohuwa ta sauke kayanta a bakin tasha ta jingina da shi. Na ce to, ba sai na yi ta ba. Ta riga ta iso.”

Bayan mako biyu ma'aikata suka zo daga wata maƙera a unguwar Khumra suka ɗauki zubinsa. Sitt Wini ba ta ga an kafa shi ba. Sanyin gaɓɓai ya ci ƙarfinta, ta koma ƙauyensu wajen 'yar ƙanwarta, ta bar wa Mastura littafin ɗaurin nan arba'in da wani zanen tagar Balad. Ta cika maganarta, ba ta sake taɓa yumɓu ba.

Shekara na zagayowa Abdulghaffar ya zo da labari cewa ya ga abin a hanyar tashar jirgi. Ran Juma'a da la'asar ya ɗauke su, ita da Inna. Ga shi nan kan ɗan dakali, tagulla na ƙyalli, motoci na wucewa. Mastura ta kama hannun Dela ta hau da ita. Tsohuwar ta shafa gammon, ta shafa tukunyar, ta yi ɗage ta kamo dogon bakin ɗaurin, ta ja shi da iyakar ƙarfinta kamar yadda take gwada kaya kafin a tashi.

Wani mai gadi ya taso daga inuwa. Ubale sunansa, Bahaushe ne haifaffen Jidda.

“Ya Hajiya, mamnu'u, ba a taɓawa. Aikin wata babbar Baturiya ne, ga sunanta nan a rubuce.”

Dela ba ta saki ba. Ta juyo da fuskarta inda muryar ta fito.

“Na san ta, ɗana. Ta iya gini, Allah ya ba ta lafiya. Amma ɗaurin nan na Mastura ne. Ja ka ji, ba ya kwancewa.”

Mastura ta tsaya cak. Ta waiga ta ga ko da wata Masturar a wurin, babu. Sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta da bai lalace ba. Dela kuwa kamar ba ita ta yi maganar ba. Ta lallaba ta zauna a gindinsa, ta jingina bayanta da tagullar da rana ta ɗumama, ta miƙe ƙafafu.

“Ke,” in ji ta, “zo ki zauna mu huta.”